Gwajin Kashe Kaifi: Tambayoyi da Amsoshi kan Ruwan Mahaƙa da Garkuwar Jini

A mako guda ɗalibai biyu 'yan gida suka same ni a Bur Sudan, kowa da takardar bincikensa. Ɗaya 'yar Mai Wurno ce mai karatun ilimin duwatsu, ɗayan kuma ɗan Gadarif ne mai karatun likitancin dabbobi. Malamin kowannensu ya rubuta masa da Larabci cewa ya yi gwajin "ta'adul", sai suka zaci aiki ɗaya aka ba su. Ita dutse za ta niƙa, shi jinin tumaki zai tace. Daga zaman da muka yi da su, da tambayoyin da masu haƙar zinariya da makiyaya suka saba yi mini, na tattara waɗannan amsoshi. Na kira gwajin da sunan "kashe kaifi" domin shi ne ma'anarsa a wuraren biyu.

Mene ne gwajin kashe kaifi, kuma me ya haɗa dutse da jini?

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya ga wannan gwaji a madafa. Inna ta dafa yakuwa ta ji tsami ya yi yawa, sai ta jiƙa 'yar kanwa, wadda maƙwabtanmu ke ce wa aɗrun, ta tsiyaya ruwan a tukunya. Kumfa ya taso, launin ganyen ya sauya, tsamin ya kwanta. Ba ta tsaya kan cewa akwai kanwa a gidan ba, abin da ta duba shi ne ko kanwar ta isa tukunyar.

Tambayar kenan a fagen biyu. Mai binciken mahaƙa yana son sanin ko dutsen da aka tono yana da abin da zai kashe tsamin da shi kansa zai haifar. Mai binciken cututtuka yana son sanin ko garkuwar da ke cikin jini za ta iya hana ƙwayar bairas shiga jiki. Kayan aikin ba su haɗu ko'ina ba, haɗarin ma daban. Amma dukansu ba ƙirga abin da ke nan suke yi ba, ƙarfinsa suke gwadawa. Ba girin-girin ba dai, a yi mai.

Yaya dutse busasshe zai haifar da ruwa mai tsami?

Ruwa ba ya tsami banza. A cikin duwatsu da yawa masu zinariya ko tagulla akwai wani ma'adini mai suna fairait, haɗin baƙin ƙarfe da farar wuta. Rawaya ne mai ƙyalli, shi ne ke ruɗin sabon shiga a wajen haƙa ya ɗauka ya dace. Muddin yana binne a ƙasa, babu abin da yake yi. Da zarar an fasa shi an tara a fili, iska da danshi suka same shi, sai ya fara tsatsa, farar wutar ta koma asid mai ƙarfi, irin na ruwan batirin mota. Akwai kuma wasu ƙwayoyin bakteriya da ke jin daɗin wannan tsami, su ne ke ƙara wa aikin sauri ninkin-baninkin.

Tsamin ba shi kaɗai ne matsalar ba. Ruwa mai asid yana narkar da ƙarafan da ke cikin dutse, tagulla da tutiya da kadmiyom da asenik, ya kwashe su zuwa rijiya da gona. Kogin Rio Tinto na Sifaniya ja ne wur, ma'aunin tsaminsa, wato pH, wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru, kusan 2 ne, alhali ruwan sha yana kusa da 7. A tsohuwar mahaƙar Iron Mountain da ke Kalifoniya an auna ruwan da pH ɗinsa ya faɗi ƙasa da sifiri. A 2015 kuma, mahaƙar Gold King ta jihar Kolorado ta ɓalle, galan miliyan 3 na gurɓataccen ruwa ya kwarara, kogin Animas ya koma ruwan goro.

To yaya ake yin gwajin a ɗakin bincike?

Tsarin da aka fi sani shi ne na Sobek, wanda hukumar kare muhalli ta Amurka ta wallafa a 1978. Lissafi ne irin na ɗan kasuwa, bashi a gefe, jari a gefe.

Bashin shi ne farar wutar da ke cikin dutsen. Ana auna kashi nawa ce cikin ɗari, a ninka da 31.25. Abin da ya fito shi ne kilon farar ƙasa da kowane tan na dutsen zai buƙata kafin tsaminsa ya mutu. Lambar ba daga sama ta faɗo ba: giram 32 na farar wuta yana cinye giram 100 na farar ƙasa, kashi 1 cikin ɗari na tan kuwa kilo 10 ne.

Jarin shi ne abin da dutsen ya zo da shi na kashe tsami. Ana niƙa shi lukui, a ɗebi ɗan kaɗan a ɗiga masa asid, a kasa kunne a zuba ido. Wani ya yi shiru, wani ya ɗan yi tsuwwa, wani ya tafasa kamar an zuba kanwa a tsamiya. Wannan kumfar ce ke nuna yawan asid ɗin da za a yi amfani da shi. Sai a auna giram 2, a zuba asid sananne gwargwadonsa, a ɗumama har dutsen ya ci iya cinsa. Daga nan a riƙa ɗiga ruwan soda ɗigo-ɗigo har pH ya dawo 7, don a gane asid nawa ya yi saura. Abin da ya ɓace shi ne abin da dutsen ya kashe.

Misali, a ce samfuri yana da farar wuta kashi 2 cikin ɗari. Bashinsa 62.5 kenan. A ce jarinsa 20. An ci bashin 42.5 a kowane tan, tulin tan dubu kuwa yana neman farar ƙasa sama da tan 42. A al'adar masu wannan aiki, idan aka cire bashi daga jari, abin da ya yi ƙasa da −20 ana ɗaukarsa mai haifar da tsami, abin da ya haura +20 ana sa ran lafiya, na tsakiya kuma sai an ƙara bincike. Wasu sun fi son raba jari da bashi: ƙasa da 1 haɗari ne, sama da 2 ko 3 da sauƙi.

Malam, idan lissafina ya nuna jari ya fi bashi, shi kenan na rubuta cewa babu matsala?

A'a, 'yata, a nan ne ɗalibai suka fi zamewa. Gwajin Sobek yana dafa dutse cikin asid mai zafi, yana tilasta wa ma'adinan da a fili za su ɗauki shekaru ba su narke ba su ba da abin da ke cikinsu nan take. Sai jarin ya fito da ƙiba a takarda, a fili kuwa ramamme. Shi ya sa daga baya aka gyara tsarin, ana barin samfurin cikin asid kwana guda ba tare da wuta ba, a ɗiga soda har pH 8.3. Akwai kuma sidarait, wani ma'adini da ke yin kumfa kamar farar ƙasa ta gaske, amma ƙarfen cikinsa idan ya yi tsatsa sai ya mayar da tsamin da ya kashe. Ya karɓa da dama ya bayar da hagu. Haka a ɓangaren bashi: idan farar wutar ta cikin ma'adinin jifsim ce, ba ta haifar da asid, wadda ta ƙirga ta duka ta ɗora wa dutse laifin da ba nasa ba.

Saboda haka ba a tsayawa kan gwaji ɗaya. Akwai wanda ake zuba wa giram 2.5 na garin dutse ruwan haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 15 cikin ɗari, ya ƙone fairait ɗin da gaggawa, a auna pH a ƙarshe. Idan ya sauka ƙasa da 4.5, dutsen mai tsami ne. Sannan akwai gwaji mai cin lokaci, wanda ni na fi yarda da shi. A sa kilo guda na tsakuwar dutsen a mazubi, a hura masa busasshiyar iska kwana uku, mai danshi kwana uku, rana ta bakwai a wanke shi a auna ruwan wankin. A maimaita aƙalla mako 20, wani lokaci shekara ko fiye. Shi ne ke amsa tambayar da lissafi ba ya amsawa: wa zai riga ƙarewa, fairait ko farar ƙasa? Tulin dutse yana iya yin shekaru yana fitar da ruwa garau, ranar da farar ƙasarsa ta ƙare ruwan ya juya.

Ƙasarmu hamada ce, ruwan sama kaɗan ne. Wannan ya shafe mu kuwa?

Ya shafe mu, sai dai salonsa daban. A tsaunukan Bahar Maliya, yankin Ariyab inda mahaƙar Hassai ta fara aiki a farkon shekarun 1990, zinariyar saman tana cikin jan dutse wanda ya riga ya gama tsatsa tun fil azal. A ƙarƙashinsa kuwa akwai dunƙulallen dutse mai farar wuta da tagulla da tutiya. Duk haƙar da ta yi zurfi zuwa irin wannan dutse, a ko'ina take, dole ta yi wannan lissafi.

A wuri mai fari, raɓa da ɗan yayyafi sun isa fairait ya ci gaba da tsatsa a hankali. Tsamin ba ya gudu, bushewa yake yi ya zama ɓawon gishiri fari ko rawaya a kan tulin. Yana taruwa shekara da shekaru. Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwarin da ya bushe ya cika ya tumbatsa, sai ruwan farko ya narkar da gishirin nan gaba ɗaya ya gangara da shi. Wanda ya ga yadda ambaliya ta fasa madatsar Arba'at a watan Agusta na 2024 ya san kwarin hamada ba abin rainawa ba ne.

Mu dahhaba ne, masu haƙar zinariya, muna aiki da zaiba, ana kuma sayen kartarmu, wato ragowar dutsen da muka niƙa, a wanke ta da gubar sayanaid. Gwajin nan zai gaya mana ko ruwanmu lafiya yake?

Ba zai gaya muku ba, kuma ina son 'yan'uwana da ke kasuwar Abidiyya da Abu Hamad da sauran wuraren niƙa su riƙe wannan da kyau. Gwajin kashe kaifi tsami kawai yake kallo. Bai san zaiba ba, bai san dalma ba. Ruwan sayanaid ma ba mai tsami ba ne, da gangan ake zuba masa farar ƙasa a riƙe pH ɗinsa sama da 10, domin idan ya sauka iskar guba ce za ta tashi. Asenik kuma yana yawo a ruwan da pH ɗinsa 7 cif. Ruwa zai iya cin jarrabawar tsami ya kashe akuya.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya ishe mu darasi. Yara sama da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega. Ba ruwa mai tsami ne ya kashe su ba, ƙurar dutse mai dalma ce da ake niƙawa a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. Idan wani ya nuna muku takarda ya ce an gwada tsami an ga lafiya, ku tambaye shi ina takardar zaiba da dalma da asenik da sayanaid. Kowanne da nasa gwajin.

Mu koma jini. Yaya ake gwada ko garkuwa tana kashe kaifin bairas?

Ana ɗebo jini a bar shi ya daskare, a tsiyaye ruwan saman mai launin rawaya-rawaya. A ɗumama shi minti 30 a zafin digiri 56, don a kashe wasu sinadaran jini da kan rikita sakamako. Sai a riƙa sirka shi: kashi 1 cikin 10, cikin 20, cikin 40, cikin 80, a yi ta ninkawa. Kowane sirki a haɗa shi da adadi ɗaya na bairas mai rai, a bar su kamar awa guda su yi kokawa.

Daga nan a zuba haɗin a kan faranti mai gurabe, wanda aka shimfiɗa wa ƙwayoyin halitta masu rai. Waɗanda aka fi amfani da su sunansu Vero, asalinsu daga ƙodar wani biri ne na Afirka, an fara renonsu a Japan a 1962. A rufe su da wani abu mai kauri kamar kamu, yadda bairas ba zai yi iyo ya bazu ba sai dai ya ci na kusa da shi. Bayan 'yan kwanaki a zuba rini. Ƙwayoyin da ke raye su sha rini su yi shuɗi, inda bairas ya ci kuwa sai ka ga fararen ɗige-ɗige kamar zanen da asu ya ɓula. Ka ɗaga farantin wajen haske ka ƙirga.

A ce gurbin da ba a sa ruwan jini ba yana da ɗigo 50. Sirki mafi tsarwa da ya rage su zuwa 25 shi ne sakamakon da ake kira PRNT50, wanda ya rage su zuwa 5 kuma PRNT90. Jinin da aka sirka sau 320 amma har yanzu yana hana bairas ya fi wanda ƙarfinsa ya ƙare a 20. Dabarar ƙirga waɗannan ɗige-ɗige ta samo asali ne daga aikin Renato Dulbecco na 1952.

Me ya sa ba za a wadatu da gwajin asibiti na yau da kullum ba, tunda ya fi sauri da araha?

Gwajin asibitin, wanda ake kira ELISA, yana gaya maka garkuwa ta manne wa bairas. Mannewa daban, hanawa daban. Ga kuma matsalar kama da wane. Dengi da shawara da Zika da zazzaɓin Yammacin Nilu 'yan gida ɗaya ne, garkuwar ɗaya takan manne wa ɗan'uwansa. Mutumin Kassala da ya taɓa yin dengi, kuma aka yi masa allurar shawara, jininsa zai iya amsa wa gwaje-gwaje uku a lokaci guda. Kama da wane ba ta wane. Sai a gwada jinin da kowane bairas daban, wanda sakamakonsa ya ninka sauran sau huɗu shi ake ɗora wa alhaki. Ita kankasha, wato zazzaɓin cikungunya, da ta kwantar da Kassala a 2018 ba 'yar wannan gida ba ce, amma ita ma tana da nata dangin da ake raba ta da su ta wannan hanya.

Labarin raƙuma ya fi komai nuna amfanin gwajin. A 2012 likita Ali Muhammad Zaki ya gano sabon bairas a jikin wani majiyyaci a Jidda, wanda aka sa wa suna MERS. Da aka fara zargin raƙuma, sai aka ce ai suna ɗauke da wani bairas na shanu mai kama da shi, ƙila shi gwaji ke gani. Gwajin kashe kaifi ne ya raba gardama. Daga baya aka buɗe tsohon ruwan jinin raƙuman Sudan da Somaliya da aka adana tun farkon shekarun 1980, aka tarar mafi yawansa yana kashe kaifin MERS. Ashe cutar ta yi aƙalla shekara 30 a garken raƙuma kafin a san sunanta.

Ni makiyayi ne. Ina ruwana da wannan?

Ruwanka har wuya, Baffa. Zazzaɓin Rift Bali, wanda aka fara bayyana shi a Kenya a 1931, sauro ne ke yaɗa shi bayan damina mai yawa. Tumaki su yi ta ɓari, 'yan raguna su mutu, mahauci da mai karɓar haihuwar dabba su kamu. A 2007 ya bi ta Farin Nilu da Sinnar da Jazira, ya kashe mutum sama da 200. A 2000 ya tsallaka teku zuwa Jizan ta Saudiyya da Yaman, karo na farko a wajen Afirka. Tun daga nan Saudiyya ba ta wasa da shi, a 2019 ma ta dakatar da shigo da dabbobin Sudan saboda shi. Ragon da ka sayar a kasuwa, idan hanyarsa tashar jirgin ruwa ta Sawakin ce, jininsa zai yi magana kafin ya sauka a Jidda. Masu bincike kuma da gwajin kashe kaifi suke tabbatar da cewa allurar da aka yi wa garke ta kama.

Abu biyu ne gwajin ba ya faɗa. Ba ya raba dabbar da aka yi wa allura da wadda ta yi cutar ta warke. Ba ya kuma faɗin yaushe, domin garkuwar takan daɗe shekaru. Mai zazzaɓi yau gwajin PCR yake buƙata, wanda ke neman bairas ɗin kansa, ko a ɗebi jininsa sau biyu, mako biyu tsakani, a ga ko garkuwar ta ninka huɗu.

Idan sakamakona ya yi sama, na tsira kenan?

A wasu cututtukan akwai lambar da masana suka yarda da ita: 0.5 a ma'aunin duniya ga ciwon haukan kare, 1 cikin 8 ga shan inna. A dengi kuwa sai an yi hattara. Iri huɗu ne, garkuwar iri ɗaya ba ta tsare mutum daga sauran na dogon lokaci, kamuwa ta biyu ma takan fi ta farko tsanani. Kuma lambar ɗakin bincike ɗaya ba ta zama daidai da ta wani sai sun yi aiki da irin bairas ɗaya, irin ƙwayoyin halitta ɗaya, da ma'auni ɗaya. Ɗalibin da ya jera PRNT50 na wani da PRNT90 na wani a tebur guda ya haɗa mudu da tiya.

Za a iya yin waɗannan gwaje-gwaje a nan gida a halin da ake ciki?

Na dutse, ƙwarai kuwa. Ma'aunin nauyi mai kyau, ma'aunin pH, asid, soda da haƙuri sun isa. Na jini ne mai wuya. Bairas mai rai irin na Rift Bali da MERS sai a ɗaki mai tsaro na mataki na uku, mai iska tacacciya da wutar da ba ta ɗaukewa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya taɓa wannan fage tun makonninsa na farko, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa masu ɗauke da makamai sun mamaye babban ɗakin gwajin lafiya na ƙasa a Khartum. Mafita ga ɗalibi ita ce bairas na kwaikwayo, wanda aka yi wa rigar na gaske amma ba ya iya hayayyafa, ana aiki da shi a mataki na biyu. Ko kuma ya tattara samfuri da kyau, da izinin hukuma, a tura inda ake da kayan aiki.

Tattarawar ba ƙaramin aiki ba ce. Na taɓa rasa ruwan jinin tumaki na damina guda saboda wuta ta ɗauke kwana uku, firiza ta narke. Da na buɗe murfin na ga kwalaben suna iyo, sunayen da muka rubuta sun wanke, na tuna makiyayan da suka kama mana dabbobinsu tun asuba, kuma na yi musu alkawarin komawa da amsa. Na koma na gaya musu gaskiya. Tun ranar nake raba kowane samfuri gida biyu, a ajiye a wuri biyu. Nake kuma gaya wa ɗalibaina: wanda ka ɗebi jininsa, ko na dabbarsa, ko ƙasar gonarsa, yana da hakkin ya ji sakamako da harshen da yake ji, Hausa ko Larabci ko Fulatanci, a bakin wanda ya ɗiba.

Gonata tana bakin kwarin da ke gangarowa daga wajen haƙa. Me zan yi kafin masu bincike su zo?

Ka zaga bayan ruwan farko. Duba duwatsun kwarin ko sun yi ja-ja kamar tsatsa, ko akwai laka mai ruwan goro a gindin kududdufi, ko ɓawon gishiri fari da rawaya a gefe. Shuɗi-kore a jikin dutse alamar tagulla ce. Kududdufin da ya yi garau fiye da kima, babu gansakuka babu talibambam, shi ma abin zargi ne. Takardar auna pH ba ta da tsada, ka tsoma ta nan take a bakin ruwan. Idan ta nuna ƙasa da 5, ka hana dabbobi da yara wurin.

Ka ɗebi ruwan a gorar roba mai tsabta wadda ka ɗauraye sau uku da ruwan wurin, ka cika ta har baki, ka rubuta rana da wuri, ka ajiye a inuwa mai sanyi. Dutse ko karta kuwa kada ka ɗebo daga sama kawai. Ka tona wurare biyar ko shida na tulin, sama da tsakiya da gindi, kowanne a jakarsa. Ka shanya su a inuwa su bushe kafin ka ɗaure, domin jiƙaƙƙen dutse a cikin leda yana ci gaba da tsatsa a hanya, ya isa ɗakin bincike ba yadda ya baro gonarka ba.